Baje kwanaki da lamba a Power BI: a Power Query za ka yi, ko DAX, ko tun daga SQL?

Kana da tebur, kowane layi mara lafiya ɗaya ne da ranaku biyu, ranar da aka kwantar da shi da ranar da aka sallame shi. Sai oga ya ce shi ba wannan yake so ba, so yake ya ga kowace rana mutum nawa ne a kan gado, sannan kowane mutum a jera masa kwanakinsa da lamba, rana ta 1, rana ta 2, rana ta 3 har zuwa sallama, sabida yana son ya san a rana ta nawa kuɗin magani ya fi tashi. Idan ba asibiti ba ne to hutun ma'aikata ne, ko haya, ko kwantiragi, ko ɗakin otal, matsalar dai guda ce, layi ɗaya mai ranar farawa da ranar gamawa ake so ya koma layuka da yawa. Na yi wannan aikin a Power BI, manhajar Microsoft ta haɗa rahoto, ta hanya huɗu a lokuta daban daban, wato Power Query (sashen da ke gyara data kafin a loda ta), DAX (harshen lissafin Power BI), SQL (harshen rumbun bayanai), da kuma ma'auni ba tare da an baje komai ba, kuma duk suna fitar da amsa, inda suka bambanta shi ne ranar da data ta yi yawa ko ranar da wani ya shigar da kwanan wata a karkace.

Kafin ma a je kan kayan aiki akwai tambaya ɗaya da dole ka yi wa mai rahoton, kuma mu Hausawa harshenmu ya riga ya raba mana ita. Wanda aka kwantar 3 ga Maris aka sallame shi 7 ga Maris kwana huɗu ya yi, amma rana biyar ya taɓa. To wanne ake so, kwana ko rana? Otal kwana yake ƙirgawa, ranar fita ba ta cikin kuɗi. Hutun ma'aikaci kuma rana ake ƙirgawa har da ta ƙarshe. A asibiti in aka ɗauke mutum daga ɗaki zuwa wani ɗakin ranar 5 ga wata, layin farko ya ƙare 5 na biyu ya fara 5, in ka haɗa da ranar ƙarshe to ka ƙirga shi sau biyu a rana guda. Wannan +1 ɗin da zaka gani a ƙarshen lissafin adadin kwanaki na Power Query a ƙasa shi ne amsar tambayar nan, kar ka sa shi ko ka cire shi da ka, ka tambaya kuma a rubuta maka.

Abu na biyu, kwamfuta ba ta san Maris ba, lamba take gani. A Excel da Power BI 1 ga Janairu 2024 lamba 45292 ce, washegari 45293. Toh kaga lambar rana, wato rana ta 1, ta 2, ta 3 ɗin da oga yake so, ba komai ba ce illa ranar da kake kai, a cire ranar farawa, a ƙara ɗaya. Ina nanata wannan ne don na sha ganin mutane sun baje tebur sannan su koma suna Group By suna cusa Index a kowane rukuni, ko su ɗauko RANKX, umarnin DAX mai ba layuka matsayi, su ɗora a kan layi miliyan, alhali ragi ɗaya ya gama aikin. Index ɗin ma ya dogara ne da yadda layukan suka jeru, kuma Power Query ba ya maka alƙawarin jerin zai zauna yadda ka bar shi bayan wasu matakan. Ragi kuwa ko an hargitsa layukan amsarsa ba ta canzawa.

Mu fara da Power Query tunda nan yawancinmu muke fara faɗawa. Hanyar da aka fi koyarwa ita ce List.Dates, ka ba shi ranar farawa da adadin kwanaki da tazarar rana ɗaya, ya ba ka jerin ranaku a cikin kowane layi, sai ka danna Expand to New Rows. Tana aiki lafiya. Amma ni na fi son in juya abin, in fara samar da lambar sannan in ciro ranar daga jikinta. A Custom Column sai ka rubuta

{1..Duration.Days([RanarSallama] - [RanarKwanciya]) + 1}

ka sa masa suna LambarRana ka baje shi, sannan ka ƙara wani kolum ɗin

Date.AddDays([RanarKwanciya], [LambarRana] - 1)

shikenan ka samu lamba da rana a mataki uku. Kar ka manta ka maida nau'in kolum ɗin zuwa lamba da kwanan wata, don bayan bajewa yakan fito ba shi da takamaiman nau'i, kuma in ka loda shi a haka alaƙarsa da teburin kalanda ba za ta ɗauru daidai ba.

Abin da nake so da Power Query shi ne kana ganin komai da idonka mataki bayan mataki, kuma gyaran datti a nan ya fi sauƙi. Wanda ba a sallama ba tukuna ranar sallamarsa null ce, wato babu komai a wurin, lissafin can zai ba da ero a layinsa, sai ka sa sharaɗi kafin nan cewa in babu ranar sallama a ɗauki yau. Sai dai ka kula da kalmar "yau" ɗin nan. DateTime.LocalNow a kan kwamfutarka agogon Najeriya yake bi, amma in rahoton ya hau Power BI na intanet agogon UTC yake karantawa, mu kuma da Nijar muna gaba da shi da awa ɗaya, don haka rifresh ɗin, wato sabunta datar rahoton, da ya tashi 12:30 na dare zai ɗauka har yanzu jiya ce. Sannan in kolum ɗinka yana ɗauke da lokaci, misali an kwantar da mutum ƙarfe 11 na dare aka sallame shi 2 na dare, Duration.Days sifili zai ba ka duk da an tsallaka rana, sabida awa uku ce kawai a tsakani. Ka yanke lokacin ka bar kwanan wata zalla kafin ka yi ragi.

Akwai kuma layin da aka juya, ranar sallama ta riga ranar kwanciya. Wannan yana yawan faruwa in fayil ɗin CSV ne kuma kwamfutar tana kan tsarin Amurka, sai 04/03 ya koma 3 ga Afrilu maimakon 4 ga Maris, maganinsa shi ne ka canza nau'in ta Using Locale ka zaɓi tsarin Ingila ko na Najeriya. A hanyar lamba da na nuna layin da aka juya ba ya fashewa, jeri ne babu komai a ciki yake fitowa, bayan bajewa sai ka ga layi ɗaya mai null. Ni ina ware irin waɗannan zuwa wani tebur daban in miƙa wa masu shigar da data su gyara, don gogewa a ɓoye ba gyara ba ne.

Inda Power Query ke gajiya shi ne girma. Yana da wata baiwa ta maida matakanka su koma SQL ya tura wa saba, wato kwamfutar da rumbun bayanan yake ciki, ta yi aikin, masu harkar na ce mata foldin, to da zarar ka yi wannan jerin ka baje shi foldin ya tsaya, duk abin da ya biyo baya a kan injinka za a yi shi. In rumbun bayanan a ofis yake kuma kana amfani da getwe, manhajar da ke haɗa rumbun ofis da Power BI na intanet, to kwamfutar da aka sa wa getwe ɗin ce ke ɗaukar nauyin, in ƙaramar kwamfuta ce da ke jiran a kawo wuta ko a tada janareta kai ma ka san yadda za a ƙare. Lasisin Pro yana ba ka rifresh 8 a rana, kowanne kada ya wuce awa 2, kuma girman model ɗin, wato datar da aka loda cikin rahoton, kada ya haura 1 GB. Don haka duk tacewar da zaka yi ka yi ta kafin bajewa, kuma ka cire duk kolum ɗin da ba ka buƙata. Teburin da aka baje kolum uku ya ishe shi, lambar kwanciya, rana, lambar rana. Suna da unguwa da sunan likita su zauna a tebur na asali a haɗa su da alaƙa.

Mu ɗan yi lissafin girman nan don shi ne ke raba gardama. A ce kwanciya 20,000 kake da ita a shekara kowacce kusan rana 6, layi 120,000 kenan, wannan ba komai ba ne, kowace hanya ka bi za ta ɗauka. Amma a ce kwantiragi 50,000 ne kowanne na shekara guda, 50,000 sau 365 ya ba ka layi 18,250,000. Injin Power BI yana matse irin wannan tebur sosai tunda ranaku da lambobin maimaituwa suke, don haka sau da yawa ba wurin ajiya ne ke fara damunka ba, lokacin rifresh ne. Wanda kuma yake Excel ya tuna shafi ɗaya layi 1,048,576 yake ɗauka, in abin ya wuce haka sai dai a loda shi cikin Data Model kawai. Kafin ka zaɓi hanya ka ɗauki kalkuleta ka ninka adadin layukanka da matsakaicin tsawon kwanakin.

Sai DAX, wato ka danna New table ka rubuta

Kwanaki = GENERATE(Kwanciya, CALENDAR(Kwanciya[RanarKwanciya], Kwanciya[RanarSallama]))

GENERATE yana bin teburin Kwanciya layi layi, a kowane layi CALENDAR ya fitar da ranakun da ke tsakani a kolum mai suna Date, sai ka ƙara lambar rana da ragin nan namu. Gaskiya yana da daɗi, layi ɗaya ne kuma sau da yawa ya fi Power Query saurin gamawa sabida datar ta riga ta shiga ƙwaƙwalwa. Amma CALENDAR ba shi da haƙuri ko kaɗan. Ranar da babu komai a ciki ero ce, ranar farawa da ta wuce ta gamawa ero ce, kuma ba layin kaɗai ke lalacewa ba, teburin gaba ɗaya ne ke faɗuwa da duk wani hoto da ma'auni da ya jingina da shi. Ya taɓa faruwa da ni, rahoto ya yi watanni yana tafiya lafiya, ran nan wani ya shigar da shekarar sallama a baya da ta kwanciya a layi ɗaya tak, da safe shafukan da suka dogara da teburin duk suka ƙi buɗewa ana kuma shirin shiga mitin da su. Tun daga ranar ba na rubuta GENERATE sai na nannaɗe teburin da FILTER, in kuma sa COALESCE, mai cike gurbin da babu komai, a kan ranar gamawa.

Wasu suna guje wa wannan da GENERATESERIES, su samar da lamba daga 1 zuwa adadin kwanaki kamar yadda muka yi a Power Query. Wannan ba ya fashewa a kan layin da aka juya, tebur mara komai yake bayarwa, shi kuma GENERATE sai ya yar da layin ya wuce bai gaya maka ba. In kana so layin ya tsaya ka gan shi GENERATEALL zaka sa. A wurina ɓacewar shiru ta fi ero haɗari, don ero aƙalla tana tashinka, amma mutum goma su ɓace daga cikin dubu ashirin ba wanda zai lura sai ranar da akanta ya zo da nasa lissafin ya ƙi daidaita da naka.

Sauran illolin teburin DAX, duk lokacin da aka yi rifresh na teburin da ya dogara da shi sai an sake gina shi daga farko, ba zaka iya ce masa ya taɓa watan nan kawai ya bar na baya ba kamar yadda ake yi wa tebur na Power Query da RangeStart da RangeEnd. Power Query ba ya ganinsa, don haka ba zaka iya haɗa shi da wani tebur a can ba. Sannan GENERATE yana kwaso duk kolum na teburin asali sai in ka rage su da SELECTCOLUMNS. Ni inda nake yarda da shi biyu ne, in ina gwaji ina son in ga ko ra'ayin zai yi aiki kafin in ɓata lokaci, ko kuma in ranar gamawar kanta lissafi ce da aka yi da DAX a cikin model, wadda babu ita a tushe.

Yanzu SQL, wanda in dai kana da izinin taɓa rumbun bayanan ko kana shiri da mai kula da shi, nan nake cewa a yi aikin. A nan ma hanyoyin ba ɗaya ba ne. Wadda ta fi yawo ita ce CTE mai kiran kanta, wato tambayar wucin gadi da ake ba suna a cikin SQL, ta fara da ranar farawa tana ƙara rana ɗaya har ta kai ƙarshe. A SQL Server tana tsayawa da ero in ta wuce zagaye 100 sai ka sa MAXRECURSION, kuma abin haushin ba a yarda ka sa wannan umarnin a cikin VIEW ba, wato tambayar da aka adana a rumbu ana kiranta kamar tebur, sai a tambayar da ke kiran VIEW ɗin, ga shi Power BI ba zai sa maka ba in ka zaɓi VIEW ɗin kai tsaye. Wato komai zai tafi daidai har sai ranar da wani ya kwanta sama da kwana ɗari. MySQL 8 nasa iyakar 1000 ce. SQL Server 2022 ya zo da GENERATE_SERIES, amma lamba kawai yake bayarwa ba kwanan wata ba, kuma sai matakin dacewar rumbun ya kai 160. Masu PostgreSQL su kam sun huta, generate_series nasu yana karɓar ranaku da tazara, ka ƙara WITH ORDINALITY ya ba ka lambar daga 1. BigQuery na da GENERATE_DATE_ARRAY, sai dai WITH OFFSET ɗinsa daga 0 yake farawa.

Amma wadda nake amfani da ita ko'ina tsohuwar hanya ce, teburin kalanda na dindindin, rana ɗaya layi ɗaya, sai a haɗa:

SELECT k.LambarKwanciya, c.Rana, DATEDIFF(dd, k.RanarKwanciya, c.Rana) + 1 AS LambarRana
FROM Kwanciya k
JOIN Kalanda c ON c.Rana BETWEEN k.RanarKwanciya AND k.RanarSallama

Babu zagaye babu iyakar 100, kuma ba ta damu da shekarar da aka saki rumbunka ba. Tana da wata fa'ida da ba a cika faɗa ba. Manhajoji da yawa in abu bai ƙare ba ba sa barin wurin fanko, 31/12/9999 suke sakawa. In wannan ya shiga List.Dates ko CALENDAR layi ɗaya zai haifi ranaku kusan miliyan 2.9, layi goma irinsa sun isa su kwantar da laftof. A haɗin kalanda kuwa ba zai wuce inda kalandarka ta tsaya ba. Ita 9999 ɗin nan ko ba ka baje komai ba tana ɓarna in Auto date/time na kunne, don Power BI yana gina ɓoyayyen teburin kalanda ga kowane kolum na kwanan wata har zuwa shekarar ƙarshe da ya gani, CALENDARAUTO ma haka yake yi. Ka kashe Auto date/time tun ranar farko. Illar haɗin kalanda ita ce in kalandar ta ƙare 31 ga Disamba ba wanda ya tuna ya ƙara mata, sabuwar shekara za ta shigo layuka su daina fitowa ba tare da ero ba, don haka ka cika ta zuwa shekaru masu yawa a gaba, sannan ka datse da ranar yau a cikin tambayar. Layin da ranar sallamarsa NULL ce shi ma BETWEEN zubar da shi yake yi, sai ka sa COALESCE.

Inda kalanda ta fi nuna kanta shi ne in aka ce ranakun aiki kawai za a ƙirga, kamar hutun ma'aikata. A nan ragin namu ya daina aiki kai tsaye, don rana ta 5 Juma'a ce, ta 6 kuma Litinin. Cire Asabar da Lahadi abu ne mai sauƙi, 12 ga Yuni da 1 ga Oktoba ma an san su, a Nijar 3 ga Agusta da 18 ga Disamba. Amma hutun ƙaramar Sallah da babba da Mauludi ba lissafin da zai ba ka su tun farkon shekara, sai an ga wata Sarkin Musulmi ya sanar, ma'aikatar cikin gida ta ayyana ranakun, wani lokacin a ƙara rana, wasu jihohin Arewa kuma su ba da hutun 1 ga Muharram wanda na tarayya bai ƙunsa ba. Dole a samu tebur da mutum zai riƙa shigar da su da hannu. In kana da kalanda sai ka sa mata kolum na jerin ranakun aiki wanda ke ƙaruwa da ɗaya a ranar aiki ya tsaya cak a ranar hutu, lambar ranar aiki ta zama jerin yau a cire jerin ranar farawa a ƙara ɗaya, ragi ya dawo. DAX ya samu NETWORKDAYS a 2022 kuma yana karɓar teburin hutu, yana da kyau in adadi kawai kake so. Power Query ba shi da irinsa, sai ka baje, ka tace da Date.DayOfWeek, ka cire ranakun hutu da Merge, a nan ne kaɗai nake yarda a yi Group By da Index, shi ma bayan an jera an kuma riƙe teburin da Table.Buffer.

In wata wata ake so ba rana rana ba, kamar kuɗin haya ko biyan bashi, to kar ka baje kwanaki, ka baje watanni, shekara ta zama layi 12 maimakon 365. Abin lura ɗaya ne, kullum ka ƙara watan a kan ranar farawa ta asali. In ka fara daga 31 ga Janairu 2024 ka ƙara wata ka samu 29 ga Fabrairu, in ka sake ƙarawa a kan wannan sai ka faɗa 29 ga Maris, daga nan ka makale a 29 har ƙarshe. Amma in ka ce ranar asali a ƙara wata 2, 31 ga Maris zaka samu. Wannan ma wani dalili ne na fara samar da lamba kafin rana.

Hanya ta huɗu ita ce kar ka baje komai. Da yawa daga masu neman wannan abin in ka zauna da su ka tambaya sosai, abin da suke so kawai shi ne mutum nawa ne a kan gado kowace rana. Wannan ma'auni ɗaya ne, wanda ake yi da New measure, ka bar teburin kalanda ba tare da alaƙa mai aiki da teburin Kwanciya ba, sai ka ce a ƙirga layukan da ranar kwanciyarsu ba ta wuce ranar ƙarshe da ake kallo ba, kuma ranar sallamarsu ba ta gaza ranar farko da ake kallo ba, ko kuma babu ita. Tebur bai ƙaru da layi ko ɗaya ba, rifresh bai ƙara minti ba, 9999 ma ba ta dame ka a nan. Har tambayar mutum nawa ne suka kai rana ta 7 ana iya amsa ta da ƙaramin tebur na lamba 1 zuwa 60 da ma'aunin da ke ƙirga waɗanda tsawon zamansu ya kai lambar.

Kuɗin da ake biya shi ne aikin ya koma lokacin da mai kallo ya danna, kowace rana a kan hoton sai an sake bin teburin, in layuka dubbai ne ba zaka ji ba, in miliyoyi ne kuma hoton na shekara guda ne rana rana to zaka ga yana juyawa. Sannan ka san abin da yake ƙirgawa. In aka koma kallon wata, ma'aunin nan mutanen da suka taɓa watan yake ba ka, ba jimillar kwanakin gado ba. A teburin da aka baje COUNTROWS kwanakin gado ne, DISTINCTCOUNT na lambar kwanciya kuma adadin kwanciya ne, duka biyun suna hannunka ba tare da wani dogon DAX ba, kuma wanda zai gaje ka a aikin zai gane su da kallo ɗaya. Wannan sauƙin ganewar ina ba shi nauyi sosai, don rahoto yakan daɗe fiye da wanda ya gina shi a wurin.

Masu Qlik, wata manhajar rahoto irin Power BI, su nasu a cikin harshen lodin yake, While da IterNo, IterNo yana farawa daga 1 yana ƙaruwa a kan layi guda har sharaɗin ya ƙare, wato shi kansa ne lambar ranar. Tableau Prep kuma, wata manhajar gyaran data irin Power Query, yana da matakin New Rows. Maganar kwana da rana, da 9999, da layin da aka juya duk tana nan a can ma.

To a teburin asibitin da muka fara da shi wanne zan ɗauka? Oga ya ce yana son kuɗin magani a rana ta nawa, kuɗin kuma yana wani tebur mai lambar kwanciya da ranar da aka ba da maganin. In wannan kaɗai ne ko bajewa ba sai an yi ba, a teburin maganin zan ɗauko ranar kwanciya in yi ragi, lambar rana ta fito. Amma tunda yana son ya raba kuɗin da adadin waɗanda suke kwance a wannan rana, har da waɗanda ba a ba su magani ba ranar, kuma yana son ya tace da ɗaki da wata da lambar rana a lokaci guda, to teburin da aka baje ya fi. Layi 120,000 ne a misalinmu, in akwai SQL zan roƙi VIEW mai haɗin kalanda, kolum uku, in jawo shi. In Excel ake turo min duk wata, Power Query da jerin lamba, da tebur na gefe mai tara layukan da aka juya da waɗanda ba su da ranar sallama. Na kwantiragi 50,000 ɗin can kuwa da ma'auni zan fara, in an matsa sai an baje to wata wata, layi 600,000 maimakon miliyan 18, kuma ba zan koma rana rana ba sai an nuna min tambayar da ba za ta amsu ba sai da shi.